Uba, 'ya da dukiya: muhawarar masu karatun Zangon Ghana kan rikicin gida a adabi

Malamin adabi, Asawase:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ina so in kawo wata magana game da yadda muke karanta littattafan da suka shafi rikicin cikin gida. Duk lokacin da aka tashi nazarin labarin da uba ya saɓa da ɗansa ko 'yarsa, sai a yi maza a ce ai karo ne tsakanin al'ada da zamani, a ajiye uba a gefen al'ada, a ajiye yaro a gefen zamani, shi ke nan an gama nazari. Ni kuwa abin da nake gani a littattafan Hausa da aka fi ambata a wannan fage shi ne, a mafi yawansu dukiya ce ke haddasa rikicin, al'ada kuma ba a kiranta sai an zo kare hukuncin da aka riga aka yanke.

Ku duba Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito sakamakon gasar rubutu ta 1933. Abubakar da Zainabu suna son juna, kuma babu wata al'adar Hausa da ta hana su aure. Abin da ya raba su shi ne Malam Shehu, attajiri mai neman haihuwa, wanda hannunsa ya fi na Abubakar nauyi a wurin iyayen yarinya. Sauran labarin duk ramuwar gayya ce, har ɗan da aka haifa a wannan aure, Kyauta, ya tashi ɓarawo ya zama ajalin mahaifinsa. Bayan fiye da shekara 50 Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, kuma jigon bai sauya ba: Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad wanda ba shi da abin hannu, gidansu sun fi son mai dukiya, har ta kai yarinya ta faɗa rijiya. A irin waɗannan labarai, idan ma akwai ɗan zamani, to, sau da yawa shi ne mutumin da iyaye suka zaɓa, mai mota da kanti da tafiye-tafiye, yayin da saurayin da aka ƙi shi ne mai kunya da ladabi irin na da. Ina neman ra'ayinku, musamman iyayenmu mata da suka riga mu karanta waɗannan littattafai.

Hajiya, Aboabo:

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Karatun boko sai da na girma na koye shi a ajin dare, kuma da littattafan Kano na gyara shi, a zamanin da 'yan kasuwa ke haɗo su cikin kayan atamfa da turare su kawo mana Kumasi, muna karɓa hannu da hannu har bangonsu ya yage. Saboda haka ba zan musa maka cewa kuɗi na cikin maganar ba. Sai dai ina ganin ba ka yi wa iyaye cikakken adalci ba, musamman namu na Zango, unguwannin baƙi Musulmi a nan Ghana, domin akwai abin da ya fi kuɗi ƙarfi a zukatansu, shi ne tsoro.

Mahaifina bai sa ni boko ba, kuma ba don ya ba da ni ga mai kuɗi ba ne, domin mijin da ya zaɓa mini ƙaramin mai sayar da goro ne da ke haya a ɗaki ɗaya. Makarantun da ke kusa da mu a lokacin na mishan ne, kuma iyaye sun ga yaran da suka shiga da sunan da aka raɗa musu, suka fito da wani suna, suna wanke-wanke suna rera waƙoƙin coci. Uban da ya baro Kano ko Sakkwato ko Katsina ya zauna a ƙasar Asante ba shi da gonar gado a nan, ba shi da sarauta, abin da ya rage masa da zai ce nasa ne shi ne addininsa da harshensa da 'ya'yansa. Sa'an nan a 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice daga ƙasa, muka ga gidajen da suka rabu biyu, uba ya hau mota da wasu 'ya'ya, uwa ta tsaya da wasu. Ina tune da maƙwabciyarmu ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ta jera kwanukan ɗakinta da ta yi shekaru tana tarawa, tana sayar da su duka a kan kuɗin da a da bai isa sayen biyu daga ciki ba. Mutumin da ya ga wannan da idonsa, idan ya ce 'yarsa ba za ta auri wanda bai san gidansu ba, kada a yi saurin cewa kwaɗayi ne.

Laifin da nake gani na marubuta ne. A yawancin littattafan nan a ɗakin yarinya muke kwana, muna jin kukanta, muna karanta wasiƙunta, amma uba sai dai mu jiyo muryarsa daga zaure yana yanke hukunci. Ba a cika bin sa zuwa shimfiɗarsa a ji abin da ya hana shi barci ba. Wanda ba a ba shi bakin magana ba kuwa, kowane dalili aka ɗora masa zai zauna.

Malamin Islamiyya, Sabon Zango:

Allah ya saka wa Hajiya da alheri. Ina so in ƙara wani ɓangare da rabon nan na al'ada da zamani yake ɓoyewa, wato addini. Masu nazari da yawa, musamman waɗanda suka karanta mu daga nesa, suna haɗa addini da al'ada su ɗaure a dami ɗaya, su ce su ne ke faɗa da zamani. Amma duk wanda ya karanta marubutan Kano da kyau zai ga cewa yarinyar da ke ƙin auren dole ba ta kafa hujja da Turai, da hadisi take kafa hujja. Bukhari ya ruwaito labarin Khansa'u bint Khidam, wadda mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Haka nan maganar ilimin mata ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman da ke koyar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru don koyar da matan karkara.

A nan Ghana ma abin da ya sassauta zukatan iyaye game da boko ba wa'azin zamani ba ne. Makarantun da suka haɗa Larabci da Turanci ne, da kuma sashen ilimin Musulunci da aka kafa a ƙarƙashin hukumar ilimi a 1987, suka sa uba ya ga zai iya tura 'yarsa ta koyi lissafi ba tare da ta bar salla ba. A ganina rikicin da ke cikin littattafan nan tsakanin al'ada ne da sanin addini.

Ɗalibar jami'a, Nima:

Ina gaida iyayena da malamaina. Malam, da girmamawa, ina ganin layin da ka ja tsakanin addini da al'ada bai miƙe kamar yadda ka nuna ba. Khansa'u bazawara ce a cikin ruwayar, kuma uban da ke cikin littattafan nan ba jahili ba ne koyaushe. Sau da yawa ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantarwa a zaurukanmu, kuma a cikinta an ce uba yana iya aurar da 'yarsa budurwa ba tare da izininta ba, in ya ga dama ya shawarce ta. Ke nan uba da 'ya kowa yana riƙe da littafi, kuma wannan ne ya sa rikicin ya fi zafi, domin babu wanda yake ganin kansa a wajen addini.

Amma abin da na fi so in yi magana a kai shi ne Balaraba Ramat Yakubu, domin ita ce ta fi rushe wannan rabo na gida biyu. A Wa Zai Auri Jahila? na 1990, gaskiya ne uba ne ya cire Abu daga makaranta, kuma an ba da ita ga Sarkin Noma wanda a shekaru ya haife ta. Sai dai wanda ya fara wulaƙanta ta shi ne Amadu, ɗan bokon da aka yi musu alkawarin aure, wanda ya ga ya yi karatu ya ce ba zai auri jahila ba. Gida ya hana ta ilimi, ɗan zamani kuma ya ƙi ta saboda rashin ilimin da aka hana ta, ta zama ba ta da wurin tsayawa a ko'ina. Marubuciyar da kanta an aurar da ita tana ƙaramar yarinya, kuma ina jin shi ya sa ba ta yaudari kanta da cewa ɗan boko ne mai ceto ba. Abu sai da ta bar gidan, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya, sa'an nan waɗanda suka raina ta suka dawo suna neman alfarmarta.

Inda nake da ja da ita shi ne ƙarshen Alhaki Kuykuyo Ne. Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda Delu, Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaranta, ta aurar da Saudatu gidan mutunci, mai karatu ya ga mace ta tsaya da ƙafarta. Sai gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta watsar da shi, dangi suka taru suka matsa wa Rabi ta koma. Abubuwa biyu ke damuna a nan. Na farko, wuta ce ta hukunta mutumin, ba wani mahaluki a cikin labarin ba, kuma wannan dabara ta yi yawa a adabinmu: hatsarin mota, gobara, ciwon ajali, duk don marubuci ya kuɓuta daga sa ɗa ko mata su dubi maigida su ce masa ya yi zalunci. Na biyu, ladan haƙurin Rabi shi ne a mayar mata da nauyin wanda ya wulaƙanta ta, a lokacin da ba shi da ko sisi.

Malamin Islamiyya, Sabon Zango:

'Yata, Allah ya yi albarka, kin yi karatu. Gaskiya ne maganar tana cikin Risala, kuma ra'ayin mazhabar Malikiyya ke nan. Amma malaman da suka ba uba wannan dama sun ba shi ita ne don maslahar yarinya, bisa zaton tausayinsa gare ta ya fi na kowa, ba don ya biya bashi da ita ko ya nemi kusanci da mai sarauta ba, kuma sun yi magana a kan cutarwa da kan dacewar miji. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa ba a aurar da budurwa sai an nemi izininta. Uban da ya riƙe layi ɗaya ya bar sauran babin, ni ban kira shi mai hujja ba. Ban da haka, a ƙasar nan dokar yara ta 1998 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, saboda haka labarin Abu da a Kumasi aka yi shi yau, da ya bi ta ofishin 'yan sanda.

Malamin adabi, Asawase:

Maganar Hajiya a kan tsoro na karɓe ta a matsayin dalilin iyayen Zango, amma littattafan da na ambata ba a Zango aka rubuta su ba, kuma uban da ke zaune a Kano cikin danginsa ba ya tsoron a kore shi zuwa ko'ina. Tun da an kawo mu gida Ghana, bari in ɗauko wasan da nake karantar da ɗalibaina, The Dilemma of a Ghost na marigayiya Ama Ata Aidoo, wanda aka fara nunawa a Jami'ar Ghana da ke Legon a 1964, aka buga shi a 1965.

Ato Yawson ya dawo daga karatu a Amurka da mata, Eulalie, baƙar fatar can. Idan aka bi rabon da aka saba, Eulalie ce zamani, mai shan taba da barasa, uwarsa Esi Kom da kakarsa Nana su ne al'ada. Amma ku dubi yadda marubuciyar ta gina kowane karo. Esi Kom ta kawo wa surukarta dodon koɗi, abinci mai daraja a wurinta wanda ta wahala kafin ta samo, Eulalie ta ƙyamace shi ta zubar. Babu mugu a cikinsu, kowacce ba ta san abin da ɗayar take nufi ba, kuma mutum ɗaya ne a gidan yake jin harshen duka biyun. Haka maganar haihuwa: Ato da matarsa sun shirya a tsakaninsu za su jinkirta, amma bai taɓa buɗe baki ya gaya wa danginsa ba, ya bar su suna zaton juya ce har suka zo da magani za su wanke mata ciki. Da gaskiya ta fito, Esi Kom ba surukarta ta zarga ba, ɗanta ta zarga, kuma ita ce ta kama hannun Eulalie ta shigar da ita gida, aka bar Ato a tsakar gida shi kaɗai.

Wannan shi ne abin da nake ganin adabin Hausa bai cika yi ba. Aidoo ta ɗora nauyin a kan na tsakiya, wanda ya san ɓangarorin biyu amma ya zaɓi shiru don kada ransa ya ɓaci. Kuma a nan ma kuɗi bai ɓace ba, domin dangin sun zuba abin da suke da shi a karatun Ato, suna jiran ya dawo ya sauke musu nauyi, sai suka ga albashi yana tafiya a kayan ƙawar gida. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan a rubuta wannan. Alhaji Umaru, Bakanon da ya zauna a Salaga sa'an nan Kete Karachi har rasuwarsa a 1934, ya yi doguwar waƙa da Hausa a kan talauci da wadata, inda ya nuna yadda maganar matalauci ba ta da nauyi ko a cikin taron danginsa.

Ɗan Zango mazaunin Bronx, Amurka:

Malam, ina gaisuwa, ina kuma gaida Mma Hajiya. Ka yi wa Ato hukunci mai tsanani, kuma mu da muke zaune a waje mun san kujerarsa. Duk ranar Lahadi nakan kira tsohuwata a Yalwa ta wayar bidiyo in miƙa wa yarana. Ita ba ta jin Turanci, su kuma Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba, sai in tsaya a tsakani. Ta tambaya izu nawa babban ya kai, in juya masa tambayar da laushi, ya ba da amsar da ba zan iya mayar mata yadda take ba, in ce mata yana ƙoƙari. Ta ce a gaya wa uwarsu ta riƙa ɗaura wa ƙaramar ɗankwali, in ce wa uwarsu tsohuwa na gaishe ta. Shirun na tsakiya ba koyaushe ragwanci ba ne. Wani lokaci ya auna ne ya ga idan ya isar da kowace magana yadda aka faɗe ta, gidan ba zai kai wata ɗaya ba. Inda Ato ya faɗi shi ne ya yi shiru a kan abin da ba ya ɓoyuwa, domin ciki ko rashinsa kowa zai gani.

Abin da ya fi damuna shi ne duk misalan da muka kawo, ko dai na Kano ne ko na Fante, ƙabilar Aidoo. Namu fa? Mohammed Naseehu Ali, haifaffen Kumasi, ya fitar da The Prophet of Zongo Street a 2005, kuma duk wanda ya karanta labarin Malam Sile mai shayi da matarsa Abiba, wadda ta fita ta karɓo masa bashinsa da ƙarfin damtse, ya san marubucin ya sha shayi a bencin unguwarmu. Amma da Turanci ya rubuta, saboda haka tsohuwata ba za a iya karanta mata shi ba sai da tafinta. Gidan da muka tashi a ciki ba gidan Kano ba ne mai zaure da shigifa da kulle. Gidan haya ne, ɗakuna a jere, Bahaushe da Bamoshe da Dagomba da Bazabarme da Ba'asante suna layin famfo ɗaya, kowane faɗan miji da mata sai an ji shi a harshe huɗu. Rikicin uba da 'ya a irin wannan gida dole ya bambanta da na littattafan da muka saba.

Ma'aikacin shari'a, Tafo:

Ina goyon bayan ɗan'uwana na Bronx, kuma zan nuna inda labarin da ba a rubuta ba yake kwance. Littattafan soyayya sun tattara hankalinsu a kan ranar ɗaurin aure, amma a abin da nake gani a wurin aiki, gidajen Zango sun fi fashewa bayan sadakar arba'in.

A 1985 gwamnatin Rawlings ta kafa doka mai lamba 111 a kan gadon wanda ya rasu bai bar wasiyya ba. Babban abin da aka so gyarawa shi ne halin da matar mamaci da 'ya'yansa ke shiga a tsarin gadon Akan, wato Asante da Fante da danginsu, inda dukiya ke bin dangin uwa, ɗan 'yar'uwa ya gaje kawunsa, a bar marayu a waje. Dokar ta ba mata ko miji da 'ya'ya gida da kayan cikinsa, kuma ba ta bambanta ɗa namiji da 'ya mace ba. Amma doka ce ta ƙasa baki ɗaya, ta hau kan Musulmi ma, waɗanda ke da rabon da Alƙur'ani ya ƙayyade. Ga kuma tsohuwar dokar auren Musulmi ta 1907 da ta ce a yi rajistar aure cikin mako ɗaya, abin da iyayenmu kaɗan ne suka taɓa yi.

To, ku ɗauki gida mai ɗaki goma sha biyu a Aboabo, maigida ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya. Liman ya zo ya raba bisa shari'a. 'Yar da ta yi karatu, wadda ita ce ta sake rufin gidan da albashinta ta kuma biya kuɗin asibitin tsoho, ta san idan ta je kotu rabonta zai ƙaru, ta kuma san idan ta je ba za ta ƙara shiga taron suna a unguwar da fuskarta a sake ba. Yayanta da bai taɓa sayen buhun siminti ba shi ne zai fi kowa ɗaga murya a kan hukuncin Allah. Sa'an nan sai wani ƙane ya ɓullo da mai saye da ke son rushe gidan ya gina shaguna. Wannan misali ne na ƙirƙira, amma duk wanda ke cikin wannan zaure ya san gidan da ya yi kama da shi. A nan maganar Malamin adabi ta dukiya, da ta Hajiya ta tsoro, da ta Malam ta sanin addini, duk suna ɗaki ɗaya, kuma marubuci ba ya bukatar gobara don labarin ya yi zafi.

Ɗalibar jami'a, Nima:

Akwai littafin da ya leƙo unguwarmu, ko da yake daga waje, shi ne Changes na Aidoo, 1991. Esi Sekyi, ma'aikaciyar gwamnati mai digiri, ta rabu da mijinta Oko, sa'an nan da kanta ta yarda ta zama mata ta biyu ga Ali Kondey, Musulmi ɗan kasuwa, domin tana zaton auren mai mata zai bar mata lokacin aikinta. Ga mace 'yar zamani ta zaɓi abin da ake kira tsohon yayi don dalilin zamani, kuma bai yi mata daɗi ba, domin Ali ya koma aiko da kyauta a madadin zuwa.

Amma ni Fusena ce ta tsaya mini a rai, uwargidan Ali. Malamar makaranta ce da ta bar burinta na ƙarin karatu saboda aure, ta koma riƙe kanti, sai ga shi mijin da ta yi wa haka ya kawo mata kishiya mai digirin da ita ba ta samu ba. Da ta ƙi, manyan mata aka tura su lallashe ta, matan da su ma an yi musu irin haka. Mma Hajiya, ina so in tambaye ki kai tsaye, domin ke kin ga irin wannan zama: waɗannan iyaye mata, da waɗanda suka matsa wa Rabi ta koma, sun yarda ne da abin da suke faɗa, ko kuwa aike ne kawai suke isarwa?

Hajiya, Aboabo:

'Yata, an sha tura ni irin wannan aike, kuma na je. Ba zan ce miki duk abin da muke faɗa a ɗakin mun yarda da shi ba. Kafin mu shiga mun riga mun san maigidan ya yanke, an sa rana, wataƙila har an kai lefe. Abin da ya rage a hannunmu shi ne yadda yarinyar za ta fito daga lamarin da abin da ya fi yawa. Saboda haka bayan an gama ba da haƙurin da maza za su ji labari, sai a rage murya a shiga lissafi: kada ki bar ɗakinki, kantin nan a sunan wa yake, ki sa a rubuta, kuɗin makarantar yara ki sa ya ɗauki alkawari a gaban kawunki, kayan faɗar kishiya kada ki karɓi atamfa kaɗai. Wannan rabin zaman ban taɓa ganin an rubuta shi ba, domin marubuta suna tsayawa ne a kalmar haƙuri su rufe babi.

Game da Rabi kuwa, ban yarda da ke ba cewa marubuciyar ta ba da kai. Ta rubuta abin da ke faruwa ne, ba ta kuma yi masa ado ba, shi ya sa ya yi miki ɗaci. Macen da ke da 'ya'ya tara ba kanta kaɗai take dubawa ba. Saudatu ta yi aure, amma akwai ƙannenta a baya, kuma duk wanda zai zo neman aurensu sai ya tambayi ina ubansu yake, a ƙofar wa za a ɗaura, me ya sa uwarsu ta ƙi shi da ya talauce. Surukinta ma yana cikin masu roƙo, kuma ba ta son abin ya taɓa zaman 'yarta. Sai dai Rabin da ta koma ba ita ce wadda aka kora ba. Ta fita tana jiran kuɗin cefane daga hannunsa, ta dawo ita ce mai tukunya da jari, kuma a gidan da mace ke ciyarwa, ko maigida ya yi tsawa a zaure, sai ya shigo ciki ya tambayi abin da aka yanke. Da marubuciyar ta ƙara babi ɗaya ta nuna mana shekarar farko bayan komawar, da kin ga yadda Alhaji Abdu yake karɓar kwanon tuwonsa, da kuma wanda 'ya'yan suke zuwa wurinsa idan za a biya kuɗin makaranta.